Wanda Ya Haye Shi Ya San Mashigi

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani al'amari wanda kowa ya san da shi, amma in an zo kansa sai kowa ya kau da kai. Watau maganar shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa a tsakanin samarinmu da 'yammatanmu. Ba wa'azi zan yi ba, don ana yinsa a coci, ana yinsa a masallaci, masu yin kuwa sun fi ni iyawa nesa. Abin da na ke so in faɗa guda ɗaya ne tak. Mutumin da ya faɗa cikin wannan wahala, Allah kuma ya fid da shi, ma'aikaci ne wanda mu ke bukata ƙwarai. Ya kamata mu daina ɓoye shi, mu ba shi kujera, mu ba shi aiki.

Bari mu fara duba girman abin. A cikin 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, sun bi ƙasar nan sun yi bincike. Suka tarar mutum wajen miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Watau wajen mutum ɗaya ke nan cikin bakwai. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6. Masu shan tramol da 'yan'uwansa miliyan 4.6. Masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. Cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce. A watan Mayu na wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. To, an hana kwalba, amma ƙishirwar da ta kai yaro ga kwalbar tana nan.

In mun dawo gida, ba sai an kawo mana lissafi ba. Kowa ya san saurayin da ke haɗiyar tramol da asuba don ya iya yinin ƙodago a gonar citta. Kowa ya san ɗan acaɓa wanda ba ya hawa babur sai ya sha. Kowa ya san ɗalibin da ya fara da ƙwayar hana barci don karatun jarrabawa, yau ga shi ba karatun, ba barcin. Ga burukutu da ogogoro na dā, ga kuma giyar leda ta zamani wadda yaro ke iya saye da kuɗin karin kumallonsa.

Akwai kuma wani dalili wanda ya fi shafar ƙasarmu ta kudancin Kaduna. Tun daga rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren 2016 a wajen Godogodo da Goska, har zuwa waɗanda suka biyo baya, gidaje da yawa sun yi rashi, na kowane ɓangare. A cikin azuzuwanmu akwai wanda ya ga an ƙone gidansu yana yaro. Akwai wadda ta kwana a daji da ƙanenta a goye. An binne matattu, an sāke gina ɗakuna, amma ba wanda ya tambayi yaron nan abin da ya ke gani in ya rufe ido da dare. Waɗansu sai su yi shiru, su daina cin abinci, su daina shiga mutane. Waɗansu kuwa sai su nemi abin da zai kashe musu tunani. Saboda haka ne na haɗa maganar shaye-shaye da ta ciwon ƙwaƙwalwa wuri ɗaya. Sau da yawa ƙofarsu guda ce.

To, me mu ke yi da irin waɗannan mutane? Da fari mu kan ɓoye su, don kada a ce gidan wane akwai mahaukaci, 'yammatan gidan su rasa mijin aure. In ɓoyo ya gagara, sai duka. In duka ya gagara, sai a kai shi gidan mari, ko wani gidan addu'a inda za a ɗaure shi. Ba mu manta ba, a watan Satumba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fid da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙinsu su ke yi ba. Sun rasa wata ƙofa ne.

Ƙofar asibiti fa? Tana nan, kuma ita ce ta gaskiya. Amma babban asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Barnawa ne cikin Kaduna, tafiyar awoyi daga nan, ga kuɗin mota, ga na magani, ga na mai jinya. Likitocin ƙwaƙwalwa da kansu sun sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. A watan Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai wannan ciwo mutum ne mai haƙƙi, ba a wulakanta shi. Madalla da wannan. Amma doka ba ta zuwa ɗakin kwanan ɗalibi ƙarfe biyu na dare sa'ad da sha'awar ƙwaya ta taso masa. Likita ma, in ya gan ka yau, sai bayan wata guda. Sauran kwana 29 ɗin nan, wa ke tare da kai?

A nan ne maganata ta ke. Akwai wani irin ma'aikaci wanda a ƙasashe da yawa yanzu an san shi, ana horad da shi, har ana biyansa. Shi ne wanda ya taɓa yin ciwon da kansa, ko ya taɓa shan abin, ya sami sauƙi, ya daɗe a tsaye, sa'an nan aka koya masa yadda zai riƙe hannun na bayansa. Ni dai zan kira shi abokin warkewa. Ba ya rubuta magani, ba ya yin allura. Aikinsa shi ne ya saurara, ya raka mutum asibiti, ya tuna masa da ranar komawa, ya zauna da shi a lokacin da abin ya yi tsanani, ya kuma tara irinsu su riƙa ganawa suna ƙarfafa juna.

Kada wani ya zaci sabon yayi ne. Fiye da shekara 200 da suka wuce, a asibitin Bicêtre cikin birnin Paris ta Faransa, an yi wani mai kula da masu taɓin hankali, sunansa Jean-Baptiste Pussin. Shi kansa ya taɓa kwanciya jinya a wannan asibiti. Da aka ba shi riƙon wurin, sai ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aiki, don ya lura sun fi kowa tausayi da haƙuri da marasa lafiya. Shi ne kuma ya kwance wa mutanen wurin sarƙa a 1797. Ku duba fa, abin da aka kwance a can tun wancan zamani, mu muna fama da shi har a 2019.

A cikin 1935 kuma, a garin Akron na Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson, wanda giya ta kusa halaka shi, ya ji sha'awarta ta taso masa yana baƙunci. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mashayi ɗan'uwansa su yi magana. Aka haɗa shi da wani likita, Bob Smith, wanda shi ma giya ta ci ƙarfinsa. Daga zaman mutum biyun nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tashi, yau tana ƙasashe da yawa na duniya. A 1953 aka kafa irinta ta masu shan ƙwaya. Abin da Bill Wilson ya gane shi ne, taimakon wani da ya ke yi shi ke riƙe shi kansa. A 2020 waɗansu masana suka tattara bincike 27 da aka yi a kan mutum fiye da 10,000, suka tarar wannan hanya, in an bi ta da tsari, ba ta gaza sauran hanyoyin jinya ba wajen sa mutum ya bar giya, sau da yawa ma ta fi su.

Wani zai ce ai wannan na Turawa ne. To, mu zo gida. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya ƙi kulle marasa lafiyarsa. Ya shirya da mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, aka riƙa saukar da mai ciwo a gidajensu tare da wani danginsa, da rana ya zo asibiti, da yamma ya koma cikin mutane. Duniya ta zo ta koya daga wurinsa, har daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Harare ta Zimbabwe kuma, Dokta Dixon Chibanda ya horad da tsofaffin mata, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna su tattauna. Wanda ya gama zama da kaka sai ya shiga taron waɗanda suka riga shi, suna hira suna saƙar jaka. Da aka gwada abin a kan mutum 573, aka buga sakamako a 2016, bayan wata shida kashi 14 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda suka zauna a benci ke da sauran alamun ciwon baƙin ciki, alhali a ɗaya ɓangaren rabi ne. Benci fa, jama'a! Mu ma muna da benci.

Don me maganar wanda ya taɓa sha ta ke shiga inda tamu ba ta shiga? Bari in ba ku abin da na gani a wani ƙauye inda na yi gwajin koyarwa. Akwai wani saurayi ɗan ƙodago wanda tramol ya kama. Ubansa ya doke shi har ya gaji, uwarsa ta yi kuka har ta gaji, an yi masa addu'a, an yi masa faɗa a gaban dattawa. Duk wanda ya yi magana sai yaron ya sunkuyad da kai ya ce ya tuba, gobe ya koma. Ran nan wani kafinta na garin, wanda ya bar sha shekara uku, ya zo ya zauna kusa da shi a kan turmi. Bai ce masa abin ba shi da kyau ba, don yaron ya fi kowa sani. Sai ya ce, "Ƙanena, dare na biyu da na uku su ne masu wuya. Ƙafafunka za su yi ta tsami, gumi zai jiƙa ka, cikinka zai ɓaci, barci ba zai zo ba. Za ka ce mutuwa za ka yi. Ni ma haka na ce, ga ni kuwa." Yaron ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Yaya, kai ma?" Kashegari tare suka tafi wurin malamin asibiti. Bayan wata huɗu yaron ya zame a wajen wani biki. Mutanen gida suka ce shi ke nan, an yi aikin banza. Kafintan ya dawo ya zauna a kan turmin nan, ya ce, "Ni sau biyu na faɗi. Tashi mu sāke lissafi daga yau." Da na bar garin yaron yana koyon aikin katako a wurinsa.

Kun ga, abu uku kafintan ya kawo waɗanda ba mu da su. Ya kawo sani, don ya san ciwon a jikinsa, ya san irin ƙaryar da mai sha ke yi wa kansa, ba a ruɗinsa da tuban baka. Ya kawo sauƙin kunya, don ba a jin nauyin buɗe ciki a gaban wanda ya taɓa kwana a kwata. Ya kuma kawo shaida, don tsayuwarsa kaɗai ta nuna ana fita. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu abin dubawa ce. Na farko za su ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. In ka tara mashaya wuri ɗaya, ai makarantar sha ka buɗe. Amsata ita ce, sun riga sun taru. Suna taruwa a bayan tasha, suna taruwa a kangon gini, ba mai kula da su sai dillali. Zaɓin da ke gabanmu shi ne, su taru a wurin mai sayarwa, ko su taru a wurin wanda ya bari. Na biyu za su ce, in jagoran da kansa ya koma ruwa fa? Wannan yana faruwa, kada mu ruɗi kanmu. Shi ya sa ba a ɗora wa mutum ɗaya, ba a kuma barinsa ba mai duba shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku za su ce, ana so a mai da jahili likita. A'a. Abokin warkewa da ya san aikinsa shi ne mai kai mutum wurin likita tun da wuri. Akwai abubuwan da ba a wasa da su. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, in ya tsaya farat ɗaya, yana iya kama makyarkyata da jijjiga da gane-gane, har ya rasa ransa. Tramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya fara jin muryoyi, ko ya fara maganar kashe kansa, ba a cewa a bari sai ranar taro. Asibiti ne, nan take.

Saboda haka ga shawarata ga hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai, in sun ga ta dace.

Na farko, a ba da ɗaki ɗaya, awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Kada a rubuta kome a bakin ƙofa wanda zai sa mai shiga ya waiwaya.

Na biyu, abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin. Kada a rubuta sunaye a kai wa kwamitin ladabtarwa. Wanda ya zo da ƙafarsa neman taimako a karɓe shi a matsayin mara lafiya. Mai sayarwa dabam, hukuncinsa yana wurin hukumar NDLEA. Ba a fasa sirri sai in rai na cikin haɗari, wannan ma a gaya wa kowa tun ran farko.

Na uku, masu jagora su zama mutum biyu ko uku waɗanda suka yi aƙalla shekara guda a tsaye, ko ɗalibai ne, ko ma'aikata, ko mutanen gari. Ma'aikatan asibitin kwaleji da malamanmu na sashen ba da shawara su koya musu sauraro, da riƙon amana, da alamun da ke nuna lokacin kai mutum asibiti ya yi. Su kuma riƙa zama da su a kai a kai suna jin yadda su kansu su ke.

Na huɗu, jagora ba ya ba da magani, ba ya kuma ce wa kowa ya bar maganin da likita ya ba shi. Mai addu'a ya yi addu'arsa, ya kuma sha maganinsa. Ba su ƙin juna.

Na biyar, mata su sami nasu zama, da mace a gaba. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kunyar da ke kan yarinya ta ninka ta saurayi, shi ya sa da ƙyar ka ga mace a wurin jinya, ko da ya ke kashi ɗaya cikin huɗu na masu sha su ne.

Na shida, kada a tambayi kowa addininsa ko ƙabilarsa a bakin ƙofa. Tun da dogo ya mai da Kafanchan mararraba a 1927 garin ya zama matattarar kowa da kowa. A watan Maris 2016 wakilan al'ummu 29 suka sa hannu a takardar zaman lafiya a cikinsa. Ni a ganina, ɗakin da ɗan Bajju, da ɗan Atyap, da ɗan Ham, da Bafulatani, da Bahaushe za su zauna kowa ya faɗi abin da ke hana shi barci, ɗayan ya ce ni ma haka, wannan ɗaki yana cika wani abu daga cikin alkawarin takardar nan. Ƙwaya ba ta tambayi sunan kowa ba kafin ta kama shi.

Na bakwai, a girmama masu wannan aiki. A ba su kuɗin mota, a ba su takardar shaida, a bar su su huta in sun gaji. Kada kuma a tilasta wa kowa ya tsaya gaban taro ya tona asirinsa don a yi tafi. Labarinsa nasa ne, shi ke da ikon inda zai buɗe shi.

Wani zai tambaya, me ya haɗa kwalejin horon malamai da wannan? Ai mu ne ya fi shafa. Nan da shekara biyu ko uku za a rarraba mu ƙauyukan Jema'a, da Kaura, da Sanga, da Jaba, da Zangon Kataf, da Kachia. A yawancin wuraren nan ba likitan ƙwaƙwalwa, amma akwai malamin makaranta. Shi zai fara ganin yaron da idonsa ya canza, da yarinyar da ta daina dariya. Shi uba zai zo wa da dare ya ce, "Malam, yaya zan yi da yaron nan?" In abin da malam ya sani bulala ce da kora kaɗai, to, ya tura yaron bayan tasha da hannunsa. In kuwa ya taɓa ganin irin zaman nan a kwaleji, zai san ya nemi kafintan garin, don kowane gari yana da nasa, sai dai ba a neme shi ba. Mutanenmu sun san gayya tun kaka da kakanni, gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya a kan taru a nome ta. Wannan ma gayya ce.

Daga ƙarshe, ina magana da kai ɗan'uwana, da ke 'yar'uwata, wanda Allah ya fid da shi, yana zaune a cikinmu shiru don tsoron bakin mutane. Shekarun nan da ka ke ganin ka yi hasararsu, akwai ilmi a cikinsu wanda ba a samunsa a laburare. A bayanka akwai wani yana tsakiyar ruwa, bai san inda zai sa ƙafa ba. Kai ka haye, ka san mashigi. In ka ji za ka iya, ka waiwaya ka nuna masa. Mu kuma da ke tsaye a gaɓa, wajibinmu ne mu ba ka wuri, mu kame bakinmu daga gori.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.